Katin 'Yan Kwabbai Da Ya Zama Dukiya

A ƙasar Amurka akwai wasan da ake kira besbol, ana bugun ƙwallo da kulki. A 1952 kamfanin Topps ya riƙa sayar wa yara katunan hotunan 'yan wasa haɗe da cingam, ciki har da na Mickey Mantle, gwanin Yankees. Na ƙarshen shekara suka yi kwantai, har an ce daga baya kamfanin ya zubar da su cikin teku. Waɗanda yara suka samu kuwa, wasu suka yage wajen wasa, wasu uwaye suka share.

To, a 2022 aka sayar da katin Mantle guda, wanda bai ko lanƙwashe ba, dala miliyan 12.6. Kaico, yanzu yana rufe cikin roba, ba yaron da zai taɓa shi.