Ƙwayar Cuta Ba Ta San Iyaka Ba

Tsakanin Illela ta Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne kawai. Kowace Lahadi shanu da tumaki da raƙuma kan kwararo kasuwar Illela daga arewa. Dabbar da ta biyo hanyar hukuma, malamin dabbobi yana iya duba ta, ya ware maras lafiya.

A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. To, makiyayi ba ya jiran takardar gwamnati. In aka toshe titi sai ya bi daji. Ciwon huhu na shanu kuwa ta numfashi yake yaɗuwa, kuma saniyar da ta yi kamar ta warke tana iya riƙe ƙwayar cutar a huhunta watanni da yawa. Ke nan rufewar ba ta tare cuta ba, idon malamin dabbobi ta rufe.

Bushiya ba da shinge aka ci ƙarfinta ba. A 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai wajen yi wa shanu allurar rigakafi. Da aka yi sake, sai ta dawo a farkon shekarun 1980, ta halaka garkuna. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Ciwon huhu kuwa yana nan.