Masaukan dutse a tsohuwar hanyar Amurka

Masu kallon finafinan Amurka sun ɗauka tsofaffin gidajen dutsen nan na bakin hanya mashaya ce kawai, matattarar 'yan giya da 'yan caca. Wannan fahimta tana ba ni haushi, don ta rage wa gidajen daraja. Ana sayar da giya a cikinsu, babu musu. Amma ba ita ta gina su ba.

A 1806 majalisar Amurka ta amince da shimfiɗa babbar hanyar ƙasa. Aka fara aiki a Kambalan ta jihar Meriland a 1811, hanya ta isa Wilin, a bakin kogin Ohayo, a 1818. Sai ga manyan kekunan kaya, kowanne dawaki shida na ja, ga masu kora shanu da tumaki da aladu zuwa kasuwannin gabas. Dabba kuwa tana da iyakar tafiyarta a yini. Inda ta gaji, dole a samu ruwa da ciyawa da hatsi da fili mai shinge. Duk wanda ya san zangon fatake ya gane lamarin: gajiyar dabba ce ke yanke inda ayari zai kwana, mai masauki biyo ta yake yi. Shi ya sa a wasu sassan hanyar kusan kowane mil akwai masauki.

Kuma ba duka ɗaya ba ne. Masu hali da ke tafiya a keken fasinja suna da nasu, da gado da teburin abinci. Masu kekunan kaya kuwa shimfiɗa suke yi a ƙasa kusa da murhu, dawakinsu na ɗaure a tsakar gida.

Jirgin ƙasa ya isa Wilin a 1853, ciniki ya mutu, gidaje da yawa suka koma na zama ko na gona. Mota ta ɗan farfaɗo da su, sannan aka zo aka gina sababbin manyan tituna da suka kauce wa garuruwan. Masu zana hanya a ofis ba kasafai suke lissafa mai dafa abincin matafiya ba.

Century Inn ta jihar Fensilbeniya, ɗaya daga cikin masaukan wannan hanya, ginin dutse tun ƙarshen ƙarni na 18, ta tsallake duk wannan. Gobara ta cinye cikinta a 2015, bangon dutsen ya tsaya, aka gyara ta, ta koma karɓar baƙi.