Zubewar Gashin Mata: A San Dalili Kafin A Sayi Magani

Akwai damuwar da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da yawa suke ɗauke da ita a ƙarƙashin ɗankwali, ba tare da sun gaya wa kowa ba. Mace za ta tsefe kitso ta ga gashi ya cika mataji, ko ta duba madubi ta tarar goshinta yana ja da baya, ko kuwa tsagar tsakiyar kanta ta ƙara faɗi har fata ta fito fili. Daga nan sai a shiga saye-saye, yau wannan mai, gobe wancan haɗi, kuɗin cefane yana tafiya gashi kuwa bai dawo ba. A wasu gidajen ma har zargi yakan shigo, a ce jifa ne ko sammun wata maƙwabciya, zumunci ya lalace a kan abin da likita zai iya gane dalilinsa cikin ɗan lokaci.

Magani na gaskiya yana nan, kuma yana taimakon mata da dama. Sai dai zubewar gashi iri-iri ce, kowace da nata magani, kuma wasu daga cikin magungunan suna da haɗari ga mai ciki. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi abin daki-daki.

Yadda gashi yake rayuwa

Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kowane sili da saiwarsa a cikin fata. Sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kimanin santimita 1 a wata, sa'an nan ya huta na kusan wata 3, ya faɗi, sabo ya tsiro daga wannan saiwar. Saboda haka faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta yi mako 3 da kitso, ranar tsifa za ta ga gashin duk waɗannan kwanakin a lokaci ɗaya, don haka kada wannan ya tayar mata da hankali.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk wani maganin gashi a kan saiwa yake aiki. Muddin saiwa tana da rai, akwai fata. In ta mutu wurin ya zama tabo, babu man shafawa ko ƙwayar da za ta dawo da ita.

Zubewar da takan wuce da kanta

Nau'i na farko shi ne wanda yakan biyo bayan wata wahala da jiki ya sha: haihuwa, zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifot, aikin tiyata, rama ta farat ɗaya, ko baƙin ciki mai tsanani kamar na rashi. Gashi da yawa yakan shiga hutu gaba ɗaya, sai bayan wata 2 zuwa 4 ya soma zuba ta ko'ina a kai. Wannan tazarar ce take sa mace ta kasa haɗa zubewar da ciwon da ta riga ta warke daga gare shi. Irin wannan yawanci yakan tsaya da kansa, gashi ya koma yadda yake cikin wata 6 zuwa shekara guda, ba tare da an shafa kome ba.

In zubewar ta wuce wata 6 ba ta tsaya ba, sai a nemi gwajin jini. Abu biyu likita yakan fara dubawa. Na ɗaya ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ya yi yawa a tsakanin mata masu zubar da jini sosai a lokacin al'ada da masu haihuwa kusa da kusa. Gwajin da ake kira feritin shi yake nuna yawan abin da jiki ya adana. Na biyu kuwa aikin ƙullutun nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, domin ko ya yi sanyi ko ya yi zafi da aiki, gashi yakan zube. In ƙarancin ƙarfe ne, ƙwayar ƙarin jini ta wasu watanni ita ce maganin gashin, tare da cin hanta, nama, wake da ganye irin su zogale da alayyahu. A kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci ko shan ƙwayar, gama shayi yana hana hanji ɗaukar ƙarfen.

Zubewar da kitso yake jawowa

Nau'i na biyu shi ne wanda ya fi yawa a tsakanin matan Afirka, wato wanda jan gashi yake kawowa. Kitso mai tsauri, shuku da aka ɗaure tamau, ƙarin gashi mai nauyi, da hular gashi da ake mannawa da gam, duk suna jan saiwa, musamman a goshi da gefen kunne. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan mutanen wata unguwa a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya tarar kusan mace 1 cikin 3 tana da irin wannan zubewar, kuma haɗarin ya fi yawa idan an yi kitso a kan gashin da aka miƙar da man rilaksa.

Alamun farko su ne zafi bayan kitso, ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, da ciwon kai har mace ta kasa kwanciya a daren farko. Kitson da sai an sha maganin ciwon kai kafin a yi barci ya yi tsauri, a kwance shi. A wannan mataki babban magani shi ne a sassauta, a riƙa ba kai hutu tsakanin kitso da kitso, a bar gashin goshi ba tare da an ja shi ba. In an ci gaba da ja shekara da shekaru, saiwar takan mutu. Muna roƙon iyaye su lura da kan 'yan mata ƙanana, domin tun daga makarantar firamare abin yake somawa.

Akwai kuma wani nau'in mai barin tabo da yake farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a hankali kamar da'ira, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi, fatar wurin ta zama sumul tana sheƙi. Likitoci a Amurka sun fara bayyana shi a 1968 a tsakanin baƙaƙen mata, suka ɗora laifin a kan mataji mai zafi, amma wani bincike na 2019 ya nuna cewa gado ma yana da hannu. Wannan yana bukatar likitan fata da gaggawa. Ana amfani da maganin kashe kumburi na shafawa ko na allura a fatar kai, da ƙwaya irin su doxycycline, don a tsayar da shi a ceci saiwar da ta rage.

Zubewar gado da maganin minoxidil

Nau'i na uku shi ne na gado, wanda a maza yakan zama sanƙo. A mata ba kasafai yake kai ga sanƙo ba. Gashin saman kai ne yake sirancewa, tsaga ta yi faɗi, amma layin goshi yana nan. Yakan fi bayyana bayan ɗaukewar al'ada, ko da yake yana iya somawa tun da ƙuruciya. A nan ne maganin minoxidil yake shigowa.

Asalinsa ƙwayar hawan jini ce da aka amince da ita a Amurka a 1979. Da aka lura masu shanta gashi yana fito musu, sai aka mayar da ita ruwan shafawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin maza a 1988, domin mata a 1991, sa'an nan a 2014 ta amince da nau'in kumfa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 domin mata. Mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ana ɗiga mililita 1 safe da yamma, na kumfa kuwa sau ɗaya a rana.

A fatar kai ake shafa shi, a bi tsaga-tsaga, domin zuba shi a kan gashi asara ce. Kai ya kasance a bushe, ba a riga an lafta masa mai ba. A wanke hannu nan da nan, a kuma bari ya bushe na awa 2 zuwa 4 kafin a kwanta, don kada ya shafi matashin kai ya koma fuska ya fito da gashi a kumatu.

Abu uku ne suke sa mata su yar da shi tun bai yi aiki ba. Na farko, a makonnin farko zubewar takan ƙaru, saboda sababbin sili suna turo tsofaffi. Wannan yakan wuce cikin wata 2. Na biyu, ba a ganin canji kafin wata 4 zuwa 6, kuma sai an kai shekara ake yanke hukunci ko ya karɓi mutum, gama ba kowa yake yi wa aiki ba. Na uku, ba ya kawar da gadon; in an daina, gashin da aka samu zai zube cikin wasu watanni. Saboda haka kafin mace ta sayi kwalbar farko, ta yi lissafin ko za ta iya ci gaba da saye wata bayan wata. Ɗaukar hoton tsagar kai da waya a ranar farko, a sake bayan wata 6, ya fi dogara ga madubi.

Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa, kada su yi amfani da shi. Mai goyo kuma ta kula, domin a ƙasashen Turai an sami jarirai da gashi ya fito musu a jiki saboda gogayya da fatar iyayen da suka shafa maganin. A ajiye kwalbar inda hannun yaro ba zai kai ba, domin shan ta yana iya faɗar da jini ya taɓa zuciya.

Ƙwayoyin da sai da likita

A shekarun nan likitocin fata sun soma ba da minoxidil na sha, amma ɗan kaɗan ƙwarai, ƙasa sosai da abin da ake ba mai hawan jini. Yana iya kawo kumburin ƙafa, bugun zuciya da sauri, da fitowar gashi a fuska da hannu. Wadda ta sayi ta masu hawan jini a kemis ta soma sha da kanta tana wasa da ranta.

Akwai spironolactone, wadda take rage tasirin sinadarin maza a jikin mace. Takan fi amfani ga wadda zubewar gashinta ta haɗu da gemu, ƙurajen fuska da rikicewar al'ada. Tana iya ƙara sinadarin fotashiyam a jini, don haka mai ciwon ƙoda ba ta sha, kuma likita yakan bukaci gwaji. Haka kuma akwai finasteride, wadda aka amince da ita domin sanƙon maza a 1997. Waɗannan biyun suna iya lalata halittar al'aurar ɗa namiji a cikin ciki. Mai ciki ko taɓa fasasshiyar ƙwayar finasteride bai kamata ta yi ba, balle ta ɗauki ta maigidanta ta sha.

In kuwa gashi ya zube ne a wuri guda, zagaye kamar kwabo, fata sumul babu ƙura, yawanci garkuwar jiki ce take faɗa da saiwa. Sau da yawa yakan dawo da kansa ko da allura a wurin, kuma a 2022 an amince da ƙwayar baricitinib a Amurka domin mai tsanani, ko da yake tana da tsada. Wanda ya zo da ƙaiƙayi da ɓawo da karyayyen gashi, kamar makero, ƙwayar sha ta makonni yake bukata, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi.

Man gargajiya da ƙwayoyin talla

Man kaɗanya, man kwakwa, man alayyadi da garin chebe da ake kawowa daga Chadi suna da amfaninsu: suna tausasa gashi, su rage karyewa, musamman a lokacin hunturu. Amma karyewar sili daban take da zubewa daga saiwa, kuma mai ba ya tayar da saiwar da ta raunana saboda gado ko ƙarancin jini. Ƙwayar biotin da ake yawan tallatawa tana amfani ne ga wanda jikinsa ya rasa ta, abin da ba kasafai ake samu ba. A 2017 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan ta da yawa yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na ciwon zuciya. Mai shan ta ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jininta. Duk abin da za a saya kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji haɗin da babu rubutun abin da ke ciki.

Inda za a nufa

A fara da asibiti mafi kusa domin gwajin jini. In akwai zafi, ƙaiƙayi, ƙuraje ko fata mai sheƙi, a nemi takardar turawa zuwa likitan fata. Manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, na Shika a Zariya da na Aminu Kano suna da su. A tafi da kai a tsefe, da duk magungunan da ake sha, domin wasu magungunan su ma suna zubar da gashi, amma kada a daina shan kowane sai da izinin wanda ya rubuta shi.

Muna ba shugabannin zumuntar mata shawara su gayyaci nas ko likita daga cikinmu wata rana ya yi bayani a kan wannan, masu kitso ma su halarta, tun da su ne suke fara ganin kan kowa. Ku kuma maza, in uwargida ta nuna damuwa, ku bar zolaya, ku ba ta kuɗin mota da na gwaji. Matambayi ba ya ɓata, kuma wadda ta je da wuri ta fi samun saiwar da za a ceta. Allah ya ƙara mana lafiya.