In fatar jinjiri ta sake launi ƙarƙashin fitilar likita

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun san shawara. Jinjirai da yawa suna yin ta kwana 2 ko 3 bayan haihuwa. Ga baƙar fata ba ta saurin ganuwa. Sai a duba farin ido da dasashi da tafin ƙafa, da hasken rana.

Mafarinta cikin jini ne. Tsofaffin ƙwayoyin jini suna mutuwa, su bar wani datti rawaya. Hanta ce ke fitar da shi, amma hantar jinjiri ba ta yi ƙwari ba. In dattin ya yi yawa ya hau ƙwaƙwalwa, yaro yana iya kurmancewa, ko ya shanye, ko ya rasu.

Shi ya sa likita ke tuɓe jinjiri, ya rufe masa ido, ya kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Hasken yana sauya dattin yadda zai fita cikin kashi da fitsari. A Ingila aka gano wannan dabara, aka bayyana ta a 1958.

To, wani lokaci, ba kullum ba, fatar jinjiri takan yi duhu ƙarƙashin fitilar, ta koma toka-toka kamar tsohuwar tagulla. Fitsari ma ya yi duhu. Nan hankalin uwa ke tashi. Kaka ta ce wuta ta ƙone jikanta, a ɗauke shi a koma gida. Wa zai ga laifinta? Amma ba ƙuna ba ce. Tun 1972 likitoci suka san abin. Launin yana gushewa sannu a hankali, cikin makonni, bayan an daina sa fitila. Shawarar ce abin tsoro, kuma tafasasshen sassaƙe da shanya yaro a rana ba su tsai da ita.

Sai dai launin yana da labari. Yakan fito ne ga jinjirin da ruwan maɗaciyarsa ba ya gudu sosai daga hanta. Saboda haka likita zai auna jini ya duba hanta, shi ne kuma zai ce a ci gaba da fitila ko a tsaya.

Uwa, ki yi ta ba da nono. Ki duba kashin ɗanki. In ya yi fari kamar alli, ki nuna wa likita a ranar, domin in hanyar maɗaciya ta toshe, aikin ya fi kyau kafin yaro ya cika wata 2.