Tiyon Mai: Ƙaramin Abu Mai Ƙone Babbar Mota

Daga wakilinmu a Abuja

Duk wanda ya saba bin hanyar Kubwa, ko hanyar filin jirgin sama, ko kuwa gangaren da ya taso daga AYA zuwa Nyanya, da wuya a ce bai taɓa ganin ƙwarangwal ɗin ƙonanniyar mota a gefen titi ba. In ka tambaya sai a ce maka wayar wuta ce. Wani lokaci gaskiya ne. Amma fa tartsatsi ba ya zama gobara sai ya sami abin ci, abin da ya fi saurin ci kuwa a jikin mota shi ne fetur ɗin da ya tsiyayo daga bututu ko tiyon da ke kai shi inji daga tanki.

Abin da ya sa na bi diddigin wannan magana shi ne wani hatsari da Allah ya kiyashe mu, ni da wani abokina, a kan hanyar Lakwaja. Motarsa babbar jif ce mai silinda takwas. Ya fito zai wuce wata tirela, ya taka totur sosai, sai injin ya shaƙe, ga wata mota ta tunkaro mu. Da ƙyar ya koma hannunsa. Bayan mun dawo an canja fulogi, an canja famfon mai har sau biyu, ciwo bai tafi ba. Sai da wani dattijon bakanike a Apo ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya bi bututun tun daga tanki, sa'an nan aka ga inda wani ya taɓa yanke ruɓaɓɓen wuri ya haɗa da guntun tiyo siriri irin na janareto, ya lanƙwashe shi kusa da salansa. Tiyon ya riga ya fara tsattsagewa.

Ƙishirwar babban inji

Tsofaffin makanikanmu da yawa a kan Peugeot 504 suka koyi sana'a, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ƙarfin injinta bai kai na doki 100 ba. Amma manyan motocin da suka cika Maitama da Asokoro a yau, irin su Land Cruiser da Lexus LX570, wani lissafi ne dabam, domin injin LX570 yana da ƙarfin doki wajen 380.

Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, injin fetur yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita a awa guda, a kan kowane doki ɗaya, idan an taka shi iyakar ƙarfinsa. Watau 504 tana bukatar wajen lita 30 a awa, ita kuwa waccan jif sai ta nemi fiye da lita 110, kusan lita biyu ke nan a minti ɗaya. Jarka mai cin lita 25 ba za ta yi mata kwata ɗin awa ba. Lalle ba kullum ake taka mota haka ba. A cikin gari ɗan mai kaɗan take sha, shi ya sa siririn tiyo ke iya ɓoye laifinsa wata da watanni. Sai ranar da aka zo hawan tudu da kaya, ko wuce tirela, ranar da direba ya fi bukatar ƙarfin injin, sa'an nan asiri ya tonu.

Har ila yau, ƙarancin mai ba tsayar da mota kaɗai yake yi ba. In iska ta rinjayi fetur a cikin silinda, wutar takan yi zafi fiye da kima, har ta iya ƙona bawul ko ta huda fistin.

Wane kauri ya dace?

Galibin ƙananan motoci suna zuwa da bututu mai faɗin milimita 8. Na gaba da shi milimita 10 ne. Mai karatu zai ce ai bambancin milimita biyu ne tak, amma ramin na biyun ya fi na farkon yalwa da fiye da rabi. A bisa al'adar masu gyaran manyan injuna, mai milimita 10 yakan wadaci injin fetur har zuwa doki 400 da ɗoriya, in an wuce nan sai a koma ga mai rabin inci, watau kusan milimita 13.

Masu sayo kayan ƙara wa mota gudu daga Dubai ko Amurka za su ga an rubuta AN6 ko AN8 a jikin kwali. Wannan ma'auni ne da sojojin Amurka suka fito da shi domin jiragensu na sama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Lambar tana nufin kashi nawa ne cikin goma sha shida na inci, don haka AN8 rabin inci ke nan.

Akwai kuma abu biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, famfon mai ya fi iya turawa bisa ga tsotsa, saboda haka hanyar da ke kawo masa mai ta zama gajera kuma mai faɗi. Na biyu, motocin da ke da bututun mayar da rarar mai cikin tanki, in aka matse wannan bututu sai matsi ya hau, inji ya riƙa shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Kuma duk faɗin bututu, in mahaɗarsa ko matatar mai ƙanƙanuwa ce, an yi aikin banza, don mai ba ya wuce abin da ƙofa mafi ƙunci ta yarda.

Tiyo suna ya tara

A ma'aunin da masu faci ke gwada iskar taya, tayar ƙaramar mota takan ɗauki wajen 32. Motar kafireta irin 504 matsin manta bai fi 4 zuwa 7 ba. Motar injekta kuwa yana kaiwa 40 zuwa 60, ya fi na taya. Tiyon da ya yi shekaru lafiya a jikin kafireta, in aka ɗaura shi a motar injekta, ba ɗiga zai yi ba, feshi zai yi.

Tiyo na ƙwarai yana da rubutu a jikinsa. Mai lamba SAE 30R7 na ƙaramin matsi ne, 30R9 shi ne na injekta, 30R10 kuwa shi kaɗai ya dace a nutsa cikin tanki. Wanda ba shi da rubutu ko kaɗan, a bar wa mai shago abinsa.

Ingancin man ma yana da nasa. Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC ya tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka yi makonni ana dogayen layuka. Shi wannan sinadari yana cin roba, yana kuma lalata wasu ƙarafa.

Inda za a bi da shi

Fetur yana iya kamawa da kansa in ya taɓa ƙarfen da zafinsa ya doshi digiri 300, bakin salansa kuwa ta wajen inji yakan zarce 500. Ko bai kai ga gobara ba, zafin Maris da Afrilu a Abuja yana haura digiri 35, ga cunkoson Nyanya da Mararraba inda iska ba ta ratsa inji. Bututun da ya raɓi salansa sai man ya tafasa a ciki ya zama tururi, mota ta mutu a tsakiyar titi ta ƙi tashi sai ta huce.

Saboda haka gwanayen sana'a suna bi da bututu ta cikin lungun shasi, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, da kuma wurin da ake kafa jak. Doguwar tafiyar ta bututun ƙarfe ce, ana ɗaure shi da kilif kusan kowane kamu guda don kada ya riƙa goga. Tiyon roba sai a ƙarshe, tsakanin jikin mota da inji, domin inji yana girgiza. Ba a karya masa kwana mai kaifi, ba a ɗaure shi tare da wayar batir, ba a kuma ratsawa da shi ta cikin ɗakin fasinja.

Ga kuma iskar gas

Tun ran 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, masu motoci da dama a Abuja suka juya zuwa iskar gas ta CNG. A nan kuwa wasa ya ƙare, domin matsin da ke cikin tukunyar ya kusa 3,000 a wancan ma'auni na masu faci. Bututun ƙarfe na musamman kaɗai ke iya riƙe shi. Fashewar da aka yi a wani gidan sayar da gas a birnin Benin cikin Oktoba na 2024, hukuma ta danganta ta ne ga tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Wannan aiki ba na gindin bishiya ba ne, sai cibiyar da aka amince da ita.

Shawararmu ga mai mota ita ce, duk ranar juyen baƙin mai ya sa a duba masa bututun tun daga tanki har inji. In ya ji warin fetur ya tsaya nan take ya kashe inji, kada ya ce bari in ƙarasa gida. Ya kuma tabbata abin kashe gobarar da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya yana aiki, kuma yana inda hannu zai kai. Makanikai su ma amana ce a wuyansu. Araha dai ba ta ado, tiyon da aka rage kuɗi a kansa yau, gobe shi zai ci motar miliyoyin naira, in ma abin ya tsaya ga mota.