Daga Kano zuwa Jidda: Nisan hanya da abin da yake ci wa ɗan kasuwa

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,400, idan aka auna a miƙe. Jirgin fasinja na zamani yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a cikin awa ɗaya. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi.

Sai dai kuma agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu. Saboda haka wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe zai sauka Jidda da misalin ƙarfe 4 da rabi na yamma, bisa agogon can. Wannan shi ne yake ruɗa matafiya da yawa, har su ɗauka zuwa ya fi dawowa nisa.

Wancan lissafi yana tsayawa ne muddin hanya tana buɗe. Miƙaƙƙiyar hanya daga Kano takan ratsa ta saman Chadi da Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga watan Afrilu na shekara ta 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa yin zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Nijeriya suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera a aikin Hajjin wannan shekarar. Dalili a fili yake: kuɗin mai yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma fiye, na abin da kamfanin jirgi yake kashewa.

Haka kuma lamarin yake ga mai yada zango. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kimanin kilomita 3,100 kafin ya isa can, sannan ya ƙara wasu 1,200 zuwa Jidda, jimla 4,300 ke nan, ban da zaman jira da kan cinye wuni guda.

Don haka ya kamata ɗan kasuwa mai safarar dabino ko jallabiya ko turare ya duba abu uku kafin ya yanki tikiti: yawan zango, tsawon jira, da nauyin kayan da kamfani ya amince a ɗauka ba tare da ƙarin biya ba. Tikiti mai arha da zai jawo kwanan hanya, ko biyan kuɗin rarar kaya, sau da yawa shi ne mai tsada.