Idan Kiɗan Zuciya Ya Rikice: Karkarwar Ɗakunan Sama da Makomar Mai Gazawar Zuciya

Duk ɗalibin da ya yi nisa a sakandare ya san zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta: biyu na sama masu karɓar jini, biyu na ƙasa masu tunkuɗa shi zuwa huhu da sauran jiki. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan kullin ƙwayoyin halitta mai sakin tartsatsin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, tamkar makaɗin da 'yan rawa ke bin kiɗansa. Ɗakunan sama su matse, na ƙasa su biyo baya.

Akwai lalurar da takan ƙwace wa makaɗin nan ikonsa. Tartsatsi ya riƙa tashi barkatai, galibi daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu, har fiye da sau 300 a minti, ta yadda ɗakunan sama ba sa matsewa, makyarkyata kawai suke yi. Za mu kira ta karkarwar ɗakunan sama. Tambayarmu ita ce: yaya take shafar makomar wanda dama yake fama da daɗaɗɗiyar gazawar zuciya, wato wanda zuciyarsa ke aiki amma ba ta iya wadatar da jiki da jini, har ƙafafu su kumbura, haki ya hana shi kwanciya sai da tarin matasai?

Illar ta fuska uku ce. Matsewar ɗakunan sama ita ke ƙarasa cika na ƙasa da kimanin kashi ɗaya bisa biyar na jininsu. Lafiyayyar zuciya takan jure rashin wannan, gajiyayya kuwa ba ta da rarar da za ta cike giɓin. Sannan bugun yakan yi sauri ba tsari, wanda idan ya daɗe yakan ƙara raunana tsokar. Mafi muni, jinin da ya kwanta a wata 'yar aljihu ta ɗakin sama na hagu yakan daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Binciken garin Firamingam na Amurka ya nuna a 1991 cewa karkarwar na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Ita ma gazawar takan buɗa ɗakunan sama ta bar musu tabo, tabon kuma ya haifar da karkarwa. Kowace na rura wutar 'yar'uwarta.

Sai dai masana sun daɗe suna jayayya a kan wani batu: shin karkarwar ce ke gajarta rai, ko kuwa alama ce kawai ta zuciyar da ta riga ta lalace? Jayayyar na da tushe, domin lalurar ba ta da yawa ga masu gazawa mai sauƙi, alhali takan kai kusan rabin waɗanda cutar ta yi wa tsanani. Wani nazari a 1993 bai ga ƙarin mutuwa ba. Wani kuma a 1998, a kan majinyata sama da 6,500, ya sami mutuwar kashi 34 cikin ɗari na masu karkarwa, da kashi 23 na marasa ita.

Hanyar raba gardama ita ce a kawar da karkarwar a ga abin da zai faru. A 2008 Denis Roy na Kanada da abokan aikinsa suka wallafa gwaji a kan majinyata 1,376: an maido wa wasu tsarin bugu da magani, wasu kuma an rage musu saurin bugun kawai. Mutuwa ta dalilin zuciya ta zo kusan kunnen doki, kashi 27 da kashi 25. A ganina, gwajin ya fi fallasa raunin magungunan da illolinsu fiye da wanke karkarwar daga laifi. Shekara goma bayan haka, a 2018, gwajin CASTLE-AF ya bi wata hanya: a zura siririn bututu ta jijiyar cinya zuwa zuciya, a ƙone kewayen wuraren da tartsatsin ke tasowa. Cikin majinyata 363, mutuwa ta kasance kashi 13 ga waɗanda aka yi wa ƙunar, kashi 25 ga masu shan magani kawai. Amma a lura, daga cikin mutum fiye da 3,000 aka tace su, saboda haka ba kowane majinyaci ne sakamakon ya shafa ba.

A nahiyarmu ta Afirka akwai ƙarin sanadi: ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a magance ba, wanda kan jawo zazzaɓin gaɓɓai, ya ƙuntata ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu, ya kawo gazawa da karkarwa ga matasa. Ga irin waɗannan, gwajin INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon maganin hana daskarewar jini, wafarin, ya fi sabon maganin da aka gwada da shi rage mutuwa, ko da yake yana buƙatar gwajin jini a kai a kai.

Malamin bayoloji na iya koya wa ɗalibansa matakin farko na gano lalurar ba tare da na'ura ba: yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, a ƙirga tsawon minti guda cur, ana lura da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Idan tazarar ta ƙi daidaita ga kaka ko baba mai kumburin ƙafa, sai a kai shi asibiti a ɗauki zanen lantarkin zuciyarsa, domin shi ne ke tabbatar da ita.